Agogon Nutso Ba a Aronsa

Ku 'yan baya da kuke leƙowa kanti ku tarar da ni cikin sanyin AC, ku koma kuna cewa Mma Talatu ta samu aikin hutu, ku matso ku ji. Ko makon jiya wata ta ce mini, "Ai sayar da agogo ne kawai, Mma." Na jera mata guda huɗu a kan tebur, na ce ta nuna mini wanda zai dawo da mijinta gida lafiya daga ƙarƙashin teku. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗauki wanda launinsa ya shiga da mayafinta.

Ni 'yar Yauri ce, 'yar masunta. Mahaifina numfashi ɗaya yake ja ya nutse a kogin Kwara ya kwance taru, ba gilashi ba tulu. Doha kuwa tsintsiya ce ta kawo ni. Kamfanin shara ya tura ni wani kantin kayan nutso a Al-Sadd, irin nutson nan na nishaɗi da mutum zai goya tulun iska ya shiga teku kallon kifi. Boko ban yi ba sai da furfura ta fara leƙowa, a ajin manya da wasu matanmu suka buɗe a wani falo a Bin Omran.

Aikin farko da aka ba ni bayan shara shi ne wankin kaya. A bayan kanti akwai manyan bahuna na ruwan daɗi, kuma duk abin da ya shiga teku sai ya bi ta cikinsu: rigar roba, gilashin fuska, takalman iyo, tiyon numfashi. Gishirin tekun nan mugu ne. Ka bar shi ya bushe a jikin ƙarfe, zai ci shi kamar gara. Mai gyaran kantin, wani Bafilifine da ake kira Rodel, ya daɗe yana kallon yadda nake aiki. Ran nan ya ga ina shinshina tiyo ina ware masu warin ruwan da ya kwana a ciki. Ya ce wa ya koya mini haka. Na ce a gidanmu da hanci ake gane taru ya fara ruɓewa. Washegari na tarar ya ajiye mini kujera kusa da teburinsa.

Canjin batirin agogon nutso shi ne darasina na farko. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan mabuɗi mai kama da kwabo, tsinken tagulla na ciro zoben roba, man shafawa marar launi, madubin ƙara girma, sai tukunyar gwaji. Wannan zoben robar, siriri kamar zare, shi kaɗai ne tsakanin batir da teku. Tsinken ƙarfe haramun ne a wurin Rodel, don yana karce mazaunin zoben. Gashi guda ya kwanta a kai, ruwa ya samu ƙofa. Yakan ce cikin duk waɗanda ya koya wa aiki ni ce ban taɓa ba shi wahalar gashi ba, tunda da kai a ɗaure na zo. In an rufe, sai a saka agogon a tukunya a matsa masa iska kamar ya yi zurfi, a fito da shi a duba ko fuskarsa ta yi gumi daga ciki. In ta yi, a sake daga farko, ko da mai shi yana tsaye yana kaɗa makullin mota.

Mu a kanti kwamfuta muke ce masa, mutanenmu kuma agogo, ni ma agogon nake cewa. Amma ba lokacin salla yake faɗa ba. In ka nutsa, iskar da kake shaƙa tana jiƙa jikinka sannu a hankali kamar soso, gwargwadon zurfinka da daɗewarka. In ka taso da gaggawa, sai ta tashi a jini kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Wani gaɓoɓi ne za su riƙe, wani ƙafa ce za ta mutu, sai an kwana da shi a ɗakin matsi na asibiti. Agogon shi ke bin sawun wannan iskar. Zai ce maka lokacinka ya kusa, taso a hankali, tsaya nan ka jira, yau kada ka hau jirgin sama. Kuma ba ya mantuwa. Nutson safe yana cikin kansa har yamma, har wayewar gari.

Rodel ba ya yarda mutum ya sayar da abin da bai taɓa ɗaurawa a ƙarƙashin ruwa ba. Haka ya sa aka koya mini nutso, ni da na isa aurar da 'ya'ya. Ya kai ni gaɓar Mesaieed, inda aka nutsar da tsofaffin motoci don kifi su samu gida, ya ɗaura mini agogo biyu. Na dama ɗan kwalisa ne, siriri, har biki ka je da shi. Na hagu kuwa mummuna ne kamar murfin gwangwanin madara. Ranar ruwan ya yi kauri kamar koko. Na kai ɗan kwalisa har kan hancina ban ga komai ba sai tururuwa. Mummunan nan kuwa lambobinsa ɓaro-ɓaro, ko ni da na koyi lamba da girma ina karanta su daga nesa.

Tun ranar ban sake ruɗuwa ba, kuma abin da nake faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi ke nan. Nemi mai manyan lambobi. Danna maɓallansa da yatsa jiƙaƙƙe ka ji ko suna amsawa. Tambayi ko ana canja batirinsa a nan garin, don akwai wanda sai an aika shi wata ƙasa ka zauna kana kallon teku ta taga. Ya zama yana ƙara in ka taso da sauri, yana da fitila, kuma in maɗaurinsa ya tsinke ana samun wani. Ya kuma san iskar nan mai ƙarin oksijin, don wata rana za ka so ta. Fuska mai launi, hira da wayarka, faɗa maka saura iska nawa a tulu, duk ado ne, mai hali ya saya ba laifi. Wanda wani ya taɓa amfani da shi kuwa ban hana saye ba, amma sai ya shiga tukunyata tukuna. Sannan kada ka bar shi a gaban mota a ranar Doha. An kawo mini wani ya narke kamar alewa, mai shi yana rantsuwa shiga masallaci kawai ya yi.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Aka rufe kanti, aka hana fita teku. Rodel ya tafi gida hutu hanya ta rufe a bayansa, bai sake dawowa ba, teburinsa ya zama nawa ba biki ba guɗa. Ni kaɗai nake zuwa in kunna AC don kada robobi su tsattsage, in cire batir daga agogunan haya don kada su zubo. Da aka buɗe kuma, sai wata sabuwa. Wa zai sa tiyon da ya fito daga bakin wani a bakinsa? Na wanke tiyo da maganin kashe ƙwayoyi har fatar hannuna ta saɓule. Masu nutso sun saba tofa yawu a gilashin fuska don kada ya yi hazo, sai ga shi yawu ya zama abin tsoro, ina bin manyan mutane da 'yar kwalbar sabulu ina tsawata musu kamar 'yan firamare. Baƙi ba sa zuwa, don haka maigidanmu ya karya kuɗin koyon nutso ga mazauna gari. Ta wannan ƙofar Alasan da Fuseini suka shigo.

'Yan Zangon Ghana ne, ɗaya daga Kumasi ɗaya daga Accra. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma kowa tagwaye yake ce musu. Alasan mai tsaron masu iyo ne a wani otal, dogo, marar magana. Fuseini direban bas ɗin ma'aikata ne, gajere, bakinsa ba ya hutawa. Ɗaki ɗaya suke a Najma, tukunya ɗaya, dutsen guga ɗaya. Takalmin fita ma ɗaya gare su, wanda ya riga tashi shi ne mai shi. Su suka liƙa mini Mma, har ya bi ni.

Da suka gama koyo suka yi ta hayar agogo, sai wata Asabar suka shigo da fara'a, Fuseini ya nuna agogon da ya fi kowanne tsada a cikin gilashi. Tun kafin korona yake nan ba mai taya shi.

"Mma, ciro mana wancan. Mun yi karo-karo."

Na ce, "Na wa?"

"Namu mana."

"Hannun wa za a ɗaura?"

Ya ce, "In mun shiga tare, Alasan ya ɗaura, ni ina gefensa. In aikinmu ya saɓa, ni in je da safe, shi ya karɓa da yamma. Mma, lissafin ya fita."

Na ce, "Lissafin kaiwa asibiti ya fita." Na yi musu bayani dalla-dalla. Agogo jikin mutum ɗaya ya sani. Ka ba wani da yamma, ya cakuɗa nutsonka da nasa, ya faɗa masa abin da ba nasa ba. Ko tare kuka shiga, ba mutum biyu da ke yin nutso ɗaya. Wani zai leƙa rami, wani zai tsaya kallon kifi a sama. Na ce kuɗin wannan guda ya isa ya saya musu munana biyu, kowa da nasa.

Ina cewa "kowa da nasa" fuskar Fuseini ta canja. Ya ce, "Mma, mu ba mu da nawa da naka. Wannan koyarwar rowa ce."

Na ce, "Kira ta abin da ka so. Ba zan sayar muku da ɗaya ba."

Ya ce ai akwai intanet, can ba mai tambayar hannun wa. Suka fita. Maigida, da yake tsaye yana jin komai, ya dafa kai ya ce, "Talatu, shekara guda muna kallon agogon nan yana kallonmu. Yau ya samu miji kin kore shi."

Na ce, "Maza biyu ya samu. A ina ka taɓa ganin an ɗaura irin wannan?"

Bai ji daɗi ba, amma bai ciro agogon ba. Ni kuma abin ya tsaya mini, don na san in suka saya a intanet, da agogo ɗaya za su shiga ruwa, kuma ba mai hana su.

Ranar Juma'a bayan an sauko na bi su Najma, gidan abincin da 'yan Zango ke taruwa cin wake da shinkafa mai yajin nan nasu. Alasan kaɗai na samu, Fuseini yana kan hanya. Na zauna na ce ya faɗa mini gaskiya, mene ne abin zafi a cikin "nasa". Ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, lokacin kulle an sallami Fuseini daga aiki, watanni yana ɗaki. Shi Alasan albashinsa rabi ake ba shi, da shi suka ci, da shi aka aika wa mahaifiyar Fuseini. Ranar da Fuseini ya samu sabon aiki ya dafa Alƙur'ani ya ce muddin suna ƙasar nan ba zai sayi wani abu ya ce nasa ne shi kaɗai ba.

"To kin ji, Mma. Ba taurin kai ba ne. In na ce ya sayi nasa, kamar na ce masa mu raba tukunya."

Muna cikin haka Fuseini ya shigo, ya gan ni ya ɗaure fuska. "Mma, har nan kika biyo mu da rowar?"

Na ce, "Zauna, sarkin surutu. Rantsuwa ka yi ba za ka saya wa kanka ba?"

Ya harari Alasan, ya ce, "Haka ne."

"Ka rantse ba za ka saya wa Alasan ba?"

Ya ja kujera ya zauna. Rabon da in ga bakin nan a rufe tun ranar da na sa masa tiyo.

Na ce, "Mutumin da ya ciyar da kai, ko kyautar agogo ba za ka iya yi masa ba? Kai kuma Alasan, ɗan'uwanka zai shiga teku hannu sake kana kallo? Kowa ya saya wa ɗan'uwansa. Kuma kyauta ba a karɓe ta, ba a ara wa wanda ya bayar. Ko a Zangonku ana yi?"

Wani dattijo a tebur na gaba ya ce, "Ba a yi, Hajiya. Abin kunya ne."

Fuseini ya fashe da dariya har yaji ya sarƙe shi. Washegari suka zo. Fuseini ya zaɓa wa Alasan mai baƙin maɗauri, Alasan ya zaɓa masa mai ruwan ɗorawa, wai don a riƙa hango shi tunda gajere ne. Munana biyu, masu manyan lambobi. Kowa ya ɗaura wa ɗan'uwansa a gabana. Maigida ya kalli mai tsadar nan a gilashi ya ce, "Khalas, shi ke nan, kai dai gwauro za ka mutu."

Gasar cin kofin duniya ta rama mana abin da korona ta ci. Gari ya cika, jirgin ruwanmu ba ya kwana a gaɓa, ina canja batir har idona na ganin zoben roba a cikin tuwo. Tagwaye kuwa sun hana ni sakat, tunda Ghana ce ta hana Najeriya zuwa. Kullum Fuseini ya leƙo sai ya ce, "Mma, yaushe ne wasanku? Ina so in saya miki tikiti."

Nakan ce, "Ku da kuka zo, mu ga abin da za ku koma da shi."

Ana cikin gasar suka samu hutu rana ɗaya, muka fita da su tare da wasu baƙi zuwa wani tsohon jirgi da ya nutse can cikin teku. Fuseini ya zo da tutar Ghana, wai sai an ɗauke su hoto da ita a ƙarƙashin ruwa. Nutson farko lafiya lau. A na biyu ina bayansu, suka baje tuta a saman jirgin, wani baƙo ya ɗauki hoto, sai igiyar ruwa ta fizge ta daga hannun Fuseini. Ta yi ƙasa tana lilo, ta je ta maƙale a wani ƙarfe can gindin jirgin, kusa da yashi. Kafin in buga tulu in tsayar da shi, gajeren nan ya bi ta. Alasan ya tsaya daga sama daidai kansa, idonsa a kansa. Tutar ta naɗe ƙarfen, Fuseini kuma ba ya so ya yaga ta, ya tsaya yana warwarewa kamar mai tsefe kitso, ni ina ta buga masa tulu. Da ƙyar ya taso da ita a ƙirji.

Muka kama igiyar anga muka hau a hankali har inda ake tsayawa a jira, ƙasa kaɗan da saman ruwa. Agogona ya sallame ni. Na Alasan ya sallame shi. Na jawo hannun Fuseini na duba, mai ruwan ɗorawa ya ce a'a, wannan da saura, kuma ba kaɗan ba. Fuseini ya kalli nasa, ya jawo hannun Alasan ya kalla, ya sake kallon nasa. Ko ta cikin gilashi na ga ya gane. Da agogo ɗaya ne a hannun Alasan, da yanzu shi Fuseini yana sama yana cire kaya da iskar nan a jininsa.

Ruwan hunturu ne, Alasan ba shi da tsoka, har igiyar tana rawa saboda karkarwarsa. Fuseini ya yi masa alama da babban yatsa, hau abinka. Alasan ya duba ma'aunin iskarsa, ya nuna mini akwai saura, ya girgiza kai, ya ƙara riƙe igiya. Haka muka rataye mu uku kamar shanya, baƙi na ta wuce mu, har agogon ya ga dama ya sake shi.

Muna hawa jirgi ban jira ya cire gilashi ba. Na wanke shi tas a gaban baƙin, da Hausa, na ce tsumma ne zai sa ya mayar da uwarsa mai jinya. Bai musa ba. Ya zauna yana haki, ya kalli hannunsa ya ce wa Alasan, "Wannan abin da ka saya mini, halin Mma gare shi. Ba ya jin roƙo."

Alasan, cikin tawul, haƙora na haɗuwa, ya ce, "Shi ya sa na zaɓe shi."

"Kai kuma me ya hana ka hawa? Naka ai ya sallame ka."

"Agogo ne kowa da nasa. Wa ya ce maka jira ma haka ne?"

Na zuba musu shayi daga fulas, kofi ɗaya, don na san ko na ba su biyu ɗaya za su sha.

Har yau in batir ya yi sanyi tare suke zuwa. Alasan ya kwance mai ruwan ɗorawa daga hannun Fuseini ya ajiye mini, Fuseini ya kwance baƙin ya ajiye, kowa yana ja mini kunne in kula da zoben robar ɗan'uwansa. Tutar kuwa tana nan rataye a bayan teburina da tsatsar jirgin a gefenta. Na ce su ɗauke kayansu daga kantin 'yar Najeriya, suka ce ba za ta yiwu ba, wai ta mu uku ce.